LADUBBAN RABON GANIMA A WASANNIN INTANET

  

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, na tarar da ɗan yayata da ɗan maƙwabcinmu zaune a bakin zaure, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Yaran nan tare suka tashi, tare suke zuwa makarantar allo, kwano ɗaya suke ci tun suna ƙanana. Da na tambayi abin da ya haɗa su, sai ɗan yayar tawa ya ce: "Kawu, ni na kashe mutumin, shi kuwa ya ruga ya kwashe kayan, ya bar ni kwance ina neman agaji." Gabana ya yanke ya faɗi. Sai da na ƙara bincike na gane ashe duk wannan kisa da kwasar kaya a cikin salula aka yi su, a wani wasa da suke yi tare da wasu abokansu biyu.

Da farko dariya na yi. Amma da aka kwana huɗu yaran ba su gaisa ba, har iyayensu mata suka fara sanyi da juna wajen gaisuwar safe, sai na san lalle ruwa ba ya tsami banza. Na zauna na nemi sanin yadda abin yake, kuma abin da na fahimta shi ne zan gabatar wa ƴan'uwa masu karatu, musamman iyaye, domin a yau da wuya ka shiga gida mai samari a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ba ka tarar da mai irin wannan wasa ba.

MENE NE GANIMAR WASA?

Wasannin da muke magana a kansu su ne waɗanda mutane da yawa suke shiga lokaci guda ta intanet, wani yana wannan gari, wani yana wata nahiya dabam, su haɗu cikin fili ɗaya na kwamfuta ko salula. A cikinsu ana samun kaya: makamai, sulke, kwalkwali, magani, zinariyar wasa. Wasu ana tsintar su a ƙasa, wasu kuma sai an kayar da abokin gaba ko an kashe wani babban dodo sannan su zubo. Waɗannan kaya su ne ganima.

Wasannin iri biyu ne manya. Na farko shi ne gajeren wasa, irin PUBG da Free Fire, waɗanda suka fito a 2017, kuma su ne yaranmu suka fi sani. A PUBG mutum 100 ake saukewa a tsibiri ɗaya, a Free Fire mutum 50, kowa ya sauka hannu rabbana, ya shiga neman bindiga da harsashi da sulke. Yawanci ana shiga ne ƙungiya-ƙungiya ta mutum huɗu, kuma ƙungiyar da ta rage a ƙarshe ita ta ci. Ganimar wannan wasa da wasan take ƙarewa, cikin minti goma zuwa talatin.

Na biyu shi ne dogon wasa, wanda mutum zai shekara yana gina jaruminsa, kamar EverQuest da ya fito a Amurka a 1999, da World of Warcraft na kamfanin Blizzard da ya fito a watan Nuwamba na 2004, wanda a 2010 masu biyan kuɗin shigarsa suka kai miliyan 12. A nan ne rigimar rabo ta fi tsanani, kuma a nan ne aka fi tsara mata dokoki. A farkon World of Warcraft akwai wani kogo mai suna Molten Core, wanda mutum 40 suke haɗuwa su shiga, su yi sa'o'i suna fafatawa da manyan dodanni goma. Kowane dodo, idan ya faɗi, kaya ƴan ƙalilan yake zubarwa, kuma ba a sake samun damar kashe shi sai bayan mako guda. Ka ga ke nan mutum arba'in sun yi wahala, abin rabo kuwa ƴan ƙalilan ne a kan kowane dodo. Wani sai ya yi watanni yana jiran takobi ɗaya. To, wa za a ba, wa za a hana? Daga wannan tambaya dukkan maganar ta taso.

ABIN DA HANNU BA YA TAƁAWA, AMMA YANA DA DARAJA

Wani uba zai ce: "Ai hoto ne kawai a cikin gilashi, mene ne abin ɓacin rai?" Gaskiya ne takobin ba ya yanka ko albasa. Amma abin da yaron ya zuba kafin ya same shi na gaske ne: lokacinsa, kuɗin katin intanet, da alkawarin da abokai suka yi masa.

Kotuna ma sun kai ga wannan fahimta. A ƙasar Holan, a 2007, wasu samari biyu suka tsare wani yaro ɗan shekara 13, suka doke shi, suka tsorata shi da wuƙa, har ya miƙa musu laya da abin rufe fuska na jaruminsa a wasan RuneScape. Shari'a ta yi ta tafiya har kotun ƙoli, wadda a watan Janairu na 2012 ta tabbatar da cewa sata ce aka yi, domin kayan suna da daraja saboda lokaci da ƙoƙarin da mai su ya zuba. Wanda ya ɗaukaka ƙarar aka yanke masa aikin gayya na sa'a 144.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Wani mutum ya ara wa abokinsa takobin da ya samu a wasan Legend of Mir 3, abokin ya sayar da shi a kan yuan 7,200. Mai takobi ya kai ƙara wurin ƴan sanda, aka ce masa doka ba ta san irin wannan dukiya ba. Sai ya je ya daɓa wa abokin wuƙa har lahira, kuma a 2005 kotu ta yanke masa hukuncin kisa da aka jingine. Rai ya salwanta, wani ran ya ƙare a kurkuku, a kan amanar da aka ci cikin wasa. Saboda haka wanda ya raina wannan magana bai san zurfinta ba.

HANYOYIN RABO DA AKA GWADA

Masu wasa da kamfanonin da ke ƙera wasannin sun shafe shekaru fiye da ashirin suna gwada hanyoyin rabo. Kowace hanya ta toshe wata ɓaraka, ta buɗe wata.

Hanya ta farko ita ce wawaso: kaya su zube, mai saurin hannu ya kwashe. Haka aka yi a wasan Diablo II na shekarar 2000, kuma kusan haka abin yake a PUBG da Free Fire. Aibinta a fili yake. Wanda yake kusa da gawar shi ke ci, wanda ya tsaya nesa yana kare ƴan'uwa ko yana yi musu magani ya tashi a tutar babu. Da aka fitar da Diablo III a 2012 sai aka sauya, kowa nasa kayan kaɗai yake gani a ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ƙuri'a mai matakai. Idan abu mai daraja ya faɗo, sai kwamfuta ta nuna wa kowa zaɓi uku. Na farko ma'anarsa "buƙata", wato jarumina zai yi amfani da shi yanzu, kuma ya fi wanda nake riƙe da shi. Na biyu masu wasan da kansu "kwaɗayi" suke kiransa, wato ba na buƙata, amma in babu mai so zan ɗauka in sayar. Na uku shi ne "na bari". Mai buƙata yana gaban mai kwaɗayi. Idan masu buƙata sun yi yawa, sai kwamfuta ta jefa wa kowa lamba daga 1 zuwa 100, mai babbar lamba ya ɗauka. Wannan tsari ya dace da baƙin da suka haɗu sau ɗaya, amma duk ginshiƙinsa gaskiyar mutum ce, domin maƙaryaci yana iya danna buƙata a kan abin da zai kai kasuwa. Kuma ƙuri'a ba ta san wahala ba: wanda ya zo yau yana iya cinye abin da wani ya yi wata shida yana jira.

Hanya ta uku ita ce tara maki, wadda ake kira DKP, ma'ana makin kashe dodo. Wata ƙungiya mai suna Afterlife ce ta ƙirƙiro ta a wasan EverQuest a 1999, lokacin da manyan abokan gaba a wasan dodanni biyu ne. Kowa yana samun maki idan ya halarci farmaki, ya zo a kan lokaci, ya tsaya har aka gama. Idan kaya suka faɗo, sai a saya da maki, ko dai a kan farashin da aka yanka tun farko, ko kuma a yi gwanjo. Alal misali, wanda ya tara maki 300 ya ɗauki sulke a kan 120, ya koma 180, na bayansa su matso gaba. Wannan hanya tana saka wa mai juriya. Sai dai tsofaffin ƴan ƙungiya sukan tara maki su ƙi kashewa, har sabon shiga ya ga ba zai taɓa kamo su ba, ya karaya ya tafi. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke zaftare wani kaso na makin kowa duk mako, don kada a yi ɓoyo.

Hanya ta huɗu ita ce layi. A rubuta sunayen kowa a jere. Wanda yake sama shi ke da zaɓin farko, da zarar ya ɗauka sai ya koma can ƙasa. Iyayenmu mata masu adashe ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan: kowa ya zuba, kowa ya jira kwasarsa.

Hanya ta biyar ita ce majalisar rabo. Shugabannin ƙungiya su zauna su duba wanda in an ba shi abin, kowa zai amfana. Misali, jarumin da ke tsayawa gaba yana shan dukan dodo, idan sulkensa ya yi ƙarfi, mutum arba'in ne suka tsira. Idan shugabanni adalai ne, babu hanyar da ta kai wannan amfani. Idan kuwa masu son kai ne, babu wadda ta kai ta ɓarna, domin sai ka ga kaya suna zagayawa tsakanin shugaba da aminansa.

Hanya ta shida ita ce gwanjo da zinariyar wasa: wanda ya fi tayi ya ɗauka, a ƙarshe a raba kuɗin ga duk mahalarta. A ido tana da kyau, tunda ba wanda zai koma hannu wofi. Amma ta buɗe ƙofa ga masu sayen zinariyar wasa da kuɗin gaske ta bayan fage, har mai aljihu ya fi mai ƙoƙari. Wannan ya sa a watan Fabrairu na 2024 kamfanin Blizzard ya hana irin wannan gwanjo a wani sashe na World of Warcraft.

Kamfanin ya taɓa gwada raba gardama gaba ɗaya. A 2018 ya soke matsayin mai rabo, ya mayar da komai hannun kwamfuta, ita ke zaɓar wanda za ta ba kai tsaye. Rigima ta ragu, amma ƙorafi ya ƙaru, domin wani lokaci abu yakan faɗa hannun wanda bai buƙace shi ba, alhali na kusa da shi yana mutuwar so. A 2022 aka mayar da ƙuri'ar ƙungiya a manyan farmaki. Darasin da ke nan shi ne, duk dabarar da aka tsara, a ƙarshe sai an komo kan halin mutanen da ke rabon.

ƊAN NINJA

Masu wasa suna da sunan da suke kiran wanda ya ɗauki abin da ba haƙƙinsa ba: ninja, wato mai shigowa a ɓoye ya sure ya ɓace. Shi ne mai danna buƙata bayan kowa ya danna kwaɗayi. Shi ne wanda aka ɗora wa amanar rabo, ya zuba abin a jakarsa ya kashe kwamfuta. A zamanin da kowane dandali na wasan yake kamar ƙaramin gari, kowa ya san kowa, hukuncinsa a hannun jama'a yake: a yaɗa sunansa, ƙungiyoyi su rufe masa ƙofa, ya wayi gari da takobi a hannu amma babu mai tafiya da shi. Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Akwai ma wasan da ya bar cin amana a matsayin wani ɓangare na wasa, wato EVE Online na wani kamfanin ƙasar Ayislan, wanda ya fito a 2003. A 2009 shugaban wani banki da masu wasan suka kafa a ciki ya kwashe kimanin biliyan 200 na kuɗin wasan, ya canza su da dalar Amurka wajen dubu biyar. Kamfanin ya kore shi saboda ya sayar da kuɗin wasa a waje, domin satar ita kanta ba ta saɓa wa dokar wasan ba. Wannan abin lura ne ga yaranmu: dokar wasa tana iya ƙyale abin da mutunci bai yarda da shi ba.

ABIN DA MUKA RIGA MUKA SANI

Kalmar ganima ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma duk wanda ya yi karatun zaure ya san tana da babi. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, an samu saɓani kan rabo tsakanin waɗanda suka bi abokan gaba, da waɗanda suka tattara kaya, da waɗanda suka tsaya gadin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A kan haka Suratul Anfali ta sauka. Aka ware humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran kashi huɗu aka raba wa mahalarta. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid mun karanta cewa mahayi yana da rabo ɗaya, dokinsa yana da biyu. Ɓoye wani abu daga ganima kafin rabo kuwa, shi ne gululu, kuma yana cikin manyan zunubai.

Allah ya tsare mu da daidaita wasan yara da wancan babban al'amari. Abin nufi shi ne ƙa'idojin da aka koya mana a can suna haska mana hanya a ko'ina: mai gadi da mai tattarawa duk mahalarta ne, rabo yana da doka tun kafin a fara, kuma ba a sa hannu kafin a raba. Haka abin yake a watanda, idan jama'a suka haɗa kuɗi suka yanka sa: a kasa nama kashi-kashi a gaban kowa, sannan kowa ya ɗauki nasa.

Wasu iyaye sukan tambaya ko jefa lamba daga 1 zuwa 100 caca ce. Ƙuri'a tsakanin waɗanda haƙƙinsu ya zo daidai abu ne sananne, domin ya tabbata cewa Annabi yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A ƙuri'a ba wanda ya zuba dukiyarsa don wani ya cinye. Inda hatsarin yake shi ne akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi, yaro ya biya bai san abin da ke ciki ba, ya buɗe ya ga tarkace, ya sake biya. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta bayyana irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni a matsayin caca. A nan ya kamata uba ya buɗe ido sosai.

LADUBBAN RABO

Ga abubuwan da masu wasa na kirki suka yi ittifaƙi a kansu, waɗanda ya dace mu koya wa ƴaƴanmu:

1. A yanke dokar rabo kafin a fara. Tun ran gini, ran zane. A faɗe ta a fili ko a rubuta ta inda kowa zai gani. Wanda yake son a keɓe masa wani abu ya faɗa tun farko, wanda bai yarda ba ya fita lafiya. Sauya doka bayan kaya sun faɗo yaudara ce.

2. Buƙata tana gaban sha'awa. Kada ka ce kana buƙatar abin da za ka sayar ko ka ajiye. Idan sulkenka mai kyau ne, na abokinka ya fashe, sabon da aka samu nasa ne.

3. A ba kowa abin da ya dace da aikinsa. Madubin hangen nesa na mai harbin nesa ne. Harsashin da bai shiga bindigarka ba nauyi ne kawai a jakarka, ka faɗa wa mai irin bindigar.

4. Wanda ya kayar da abokin gaba shi ke da zaɓin farko a kayansa. Saura su jira ya ɗauka, ko su nemi izini. Shi ma kada ya share komai, ya tuna akwai wanda ya kare masa baya.

5. Ɗan'uwa yana gaban kaya. Idan abokinka ya faɗi yana neman a tashe shi, kuma babu hatsarin da ya hana, ka tashe shi tukuna. Kaya ba su da ƙafa. Idan ya mutu a wasan da ake iya dawo da shi, kayansa amana ne a hannunka.

6. Ka sanar da abin da ka gani. Wasanni da yawa suna da alamar nuna kaya, har Apex Legends, da ya fito a 2019, ya sa hanyar da mutum zai ce "na kama" a kan abin da aka nuna. Wanda ya riga faɗa, a bar masa.

7. Kada a manta da masu aikin da ba a gani. Mai magani da mai shan duka a gaba ba su cika kashe kowa ba, amma ba don su ba da ba a kai ga ganimar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. Wanda aka ɗora wa rabo ya yi shi a idon kowa, ya sa kansa a ƙarshe, kada ya fifita amininsa ko ƙaninsa. Idan shi ma yana son abin, ya bar wani ya yanke hukunci.

9. Idan ka ɗauka bisa kuskure, ka mayar nan take, ka ba da haƙuri. A World of Warcraft an ba da sa'a biyu da za a iya miƙa irin waɗannan kaya ga wanda aka yi farmakin tare da shi. Jinkiri shi ke mayar da kuskure ya zama laifi.

10. Idan ƙuri'a ba ta faɗo kanka ba, ka taya wanda ya samu murna. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Zagi, da ficewa a tsakiyar wasa don huce haushi, zalunci ne ga sauran da ba su yi maka komai ba.

11. A tausaya wa sabon shiga da ƙaramin yaro. Sau da yawa rashin sani ne ke sa su kwasar abin da ba nasu ba. A koya musu da taushin harshe, kuma a riƙa bar musu wani abu.

12. Kada a zargi mutum da sata sai da hujja. Ɓata suna a gaban jama'ar wasa daidai yake da ɓata shi a unguwa, domin bayan kowane jarumi akwai ɗan wani.

KIRA GA IYAYE

Ya ku iyaye, maganar yawan lokacin da yara ke ɓatawa a wasa, da sakaci da salla da karatu, magana ce mai zaman kanta, kuma kowane gida ya wajaba ya sa mata iyaka. Amma idan har yaro yana wasan, to ku sani ya shiga wani fage da ake gwada amanarsa kullum, a inda babu idon uba, babu na malami, wani lokacin ma abokan tafiyarsa ba su san sunansa na gaskiya ba. Abin da mutum ya aikata a inda yake zaton ba mai gane shi, shi ne ainihin halinsa. Yaron da ya saba sure kayan abokai yana dariya, wace tabbas muke da ita cewa gobe, idan aka ba shi ajiyar kuɗin ƙungiya ko rabon gadon marayu, hannunsa zai tsaya? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, maimakon tsawa kaɗai, ku zauna kusa da shi wata rana ku kalla. Ku tambaye shi: "Wa ya ba ka wannan bindiga? Yaya kuke rabo? Ka taɓa bar wa wani abin da kake so?" Amsoshinsa za su nuna muku abin da takardar sakamakon lakwal ba za ta nuna ba. Ku kuma lura da kuɗin da yake kashewa, daga ina suke fitowa, kuma me yake saya da su. Idan ya zo da kukan an cuce shi, kada ku kore shi da cewa wasa ne. Ku saurare shi, ku nuna masa yadda ake neman haƙƙi ba tare da zagi ba, da yadda ake yafewa.

Su kuwa yaran nan biyu, na kira su na zaunar. Ɗan maƙwabcinmu ya ce shi a ganinsa abokan gaba suna tafe, ya ji tsoron kada kayan su kuɓuce wa ƙungiyar baki ɗaya. Na ce masa: "To, da ka kwasa, ka mayar masa da nasa?" Ya sunkuyar da kai. Na juya ga ɗan yayata na ce: "Kai kuma, kun taɓa yanke yadda za ku riƙa rabo?" Ya ce a'a. Na sa suka ɗauko takarda suka rubuta doka huɗu da hannunsu, ta farkonsu ita ce a tashi wanda ya faɗi kafin a taɓa kaya. Suka yi musafaha. Washegari da safe na ji uwar ɗayan tana aika wa uwar ɗayan da kunu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama masu riƙon amana a ɓoye da bayyane, ya kiyaye zumuncin da ke tsakaninmu.